Sharhi: Kafin A Cire Wa Jif Balan-balan A Sa Mata Sifirin

Duk wanda ya saba leƙa garejojin kanikawa na Apo a Abuja, ko na kewayen kasuwar Ladipo a Ikko, ko na Panteka a Kaduna, da wuya ya fito bai ga wata ƙatuwar mota ƙirar jif ta durƙusa a gefe guda ba, gindinta ya kusa taɓa ƙasa kamar raƙumin da za a ɗora wa kaya. Injinta lafiya lau, giyarta ba ta da aibu, fentinta ma bai dushe ba. Abin da ya kayar da ita shi ne jakunkunan iskar da take tsaye a kansu, waɗanda kanikawa ke kira balan-balan. Shawarar da mai irin wannan mota yakan samu kusan iri ɗaya ce ko'ina ya je, watau a cire balan-balan ɗin gaba ɗaya, a sa mata sifirin na ƙarfe, kowa ya huta.

A ganina ana saurin bayar da wannan shawara, ana kuma saurin karɓarta. Ga 'yan kasuwa da 'yan kwangila da yawa, irin wannan mota jari ce ta miliyoyin Naira, da ita ake zuwa duba aiki a ƙauye, da ita ake ɗaukar baƙi, wani lokaci ma ita ake jinginarwa a banki. Hukuncin canza mata ƙafafu ya kamata ya biyo bayan bincike da lissafi, kamar yadda ake yi wa kowace kadara ta kamfani. Akwai motar da sifirin ya fi dacewa da ita, za mu kuma zo kanta. Amma da yawa daga cikin motocin da ake yi wa wannan aiki, ƙaramin gyara suke bukata, an dai rasa wanda zai tsaya ya gano shi ne.

Yana da kyau a san inda abin ya samo asali. Lokacin da aka fito da Range Rover a ƙasar Ingila a 1970, a kan naɗaɗɗen sifirin na ƙarfe aka ɗora ta, haka kuma ta yi shekara 22 tana yawo a duniya. A 1992 ne aka fara sa mata jakunkunan iska masu aiki da kwamfuta, sa'an nan samfurin da ya biyo baya a 1994, wanda aka fi sani da P38, ya fito daga masana'anta babu sifirin a jikinsa ko ɗaya. Kamfanin Mercedes na Jamus ya fito da nasa tsarin mai suna Airmatic a 1998, daga baya ya kai shi kan jif-jif ɗinsa na ML da GL. Volkswagen Touareg da Porsche Cayenne sun fito a 2002, wasunsu da irin wannan tsari, haka nan Lexus GX470 da wasu samfurorin Toyota Prado suna da shi a ƙafafun baya. Discovery 3, wadda ake kira LR3 a Amurka, ta biyo sahu a 2004. Waɗannan motoci su ne ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, da yawansu bayan sun shafe shekara 10 ko fiye a titunan Amurka da Turai, da robar da aka ƙera su da ita tun farko.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. A kowace ƙafa, ko a ƙafafun baya kaɗai, akwai jakar roba mai kauri wadda aka ƙarfafa da zare, ita ce ke ɗauke da nauyin motar a madadin sifirin. Akwai ƙaramar kwamfaresa mai aiki da lantarki da ke zuƙo iska daga waje ta matsa ta, akwai wani gwangwani cike da ƙwayoyin da ke tsotse laimar iskar kafin ta wuce, sa'an nan akwatin bawul yana rarraba ta cikin siraran tiyo zuwa jakunkunan. Kusa da tayoyi kuma an maƙala na'urorin auna tsayi, waɗanda ke sanar da kwamfutar motar ko wata kusurwa ta yi ƙasa ko ta yi sama. Da haka ne motar ke daidaita kanta, ko an cika bayanta da buhunan siminti ko babu kowa a ciki sai direba, tsayinta ɗaya ne. Discovery 3, alal misali, tana iya ɗaga kanta da kimanin santimita 5 idan za ta tsallake kwazazzabo ko ta ratsa ruwa, ta kuma sauka da kusan haka domin dattijo ya shiga ba tare da wahala ba.

Lalacewar wannan tsari kuwa tana da tsani, kuma matakin farko kusan kullum roba ce. Jakar tana naɗewa a wuri guda duk lokacin da motar ta hau gargada, to a wannan naɗin ne ƙananan tsaga ke fara bayyana idan ta tsufa. Iska takan fara zurarewa kaɗan-kaɗan, har mai motar ya lura cewa idan ta kwana takan karkata gefe guda, amma da an tayar da inji sai ta miƙe. Saboda tana miƙewa sai a ce ai babu komai. Alhali kuwa kwamfaresar da aka yi ta domin ta yi aikin ɗan lokaci ta huta, yanzu ta koma yin aiki ba dare ba rana don cike gurbin abin da ke fita. Sai ta yi zafi, robar fistin ɗinta ta cinye, ƙwayoyin tsotse laima su jiƙe su daina aiki, ruwa ya shiga akwatin bawul ya ɓata shi. Ranar da motar ta durƙusa ta ƙi tashi, abin da jaka ɗaya ta fara ya riga ya ci kayan gyara uku ko huɗu.

Yanayin ƙasarmu yana gaggauta wannan. A Fatakwal da Warri da Kalaba, inda iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara, gwangwanin busar da iska ne ke saurin gajiya. A can arewa kuma zafin bazara na busar da roba, ƙurar hunturu na toshe matatar kwamfaresa, yashi kuma yakan maƙale a naɗin jakar yana goge ta kamar sanfefa. Motar da ke ratsa laka da damina ba a wanke mata ƙarƙashi, ita ma tana cikin wannan hali.

Abin takaici shi ne binciken farko ba ya cin kuɗi. A ajiye motar a wuri mai shimfiɗe da yamma, a auna tsayin kowace kusurwa daga tsakiyar taya zuwa bakin bodin da ke samanta, a rubuta, a cire fis ɗin tsarin don kada kwamfuta ta daidaita motar cikin dare, da safe a sake aunawa. Idan kusurwa ɗaya ce ta sauka, laifin yana ga jakarta ko tiyonta ko bawul ɗinta. Ruwan sabulu da aka fesa a jikin jakar da mahaɗan tiyo zai nuna wurin da kumfa. Bayan haka sai a jona na'urar binciken da ke karanta kwamfutar wannan samfurin na mota, domin ba kowace na'ura ce ke iya shiga wannan ɓangare ba. Sau da yawa abin da ake samu bai wuce zoben roba da ya bushe ba, ko sandar na'urar auna tsayi da ta karye, ko waya da ta tsinke. Kwamfaresar ma da ta raunana akan iya kwance ta a canza mata roba da ƙwayoyin tsotse laima ta ci gaba da aiki. Sai dai a kiyaye abu ɗaya, kada yaron gareji ya shiga ƙarƙashin irin wannan mota sai an tokare ta da ƙarfe, domin iska na iya fita nan take motar ta sauko masa.

Akwai kuma kuskuren da ya kamata masu Lexus LX470 da LX570, da wasu samfurorin Land Cruiser 100 da 200, su guje masa. Waɗannan ma suna ɗagawa suna sauka, amma da matsin mai suke aiki, tare da wasu ƙwallaye masu iskar naitirojin a ciki. Mansu na musamman ne, cutarsu daban, maganinsu daban. Bakaniken da ya kira nasu balan-balan, ko ya nemi ya zuba musu man birki, ya riga ya nuna cewa bai san motar ba, sai a tattara a bar masa garejinsa.

To, amma masu cewa a koma ga sifirin su ma suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. Ƙarfe ba ya yoyo. Sifirin ko ya karye akan lallaɓa a isa gida, amma jakar da ta fashe a kan hanyar hawa tsaunin Mambila, ko a cikin dajin da ake ɗebo katako a Jihar Kuros Riba, takan zaunar da mota a kan robar tokare, inda kowane dutse zai daki cikinta. A irin waɗannan wurare babu mai na'urar bincike, babu mai sayar da jaka, amma kowane bakanike ya san sifirin. Ba banza ba ne ƙungiyoyin agaji da kamfanonin haƙar ma'adinai suka riƙe Land Cruiser 70, wadda ake ƙerawa tun 1984 a kan ƙarfe zalla, da kuma Hilux mai sifirin falle-falle a baya. Bugu da ƙari, kuɗin canji sau ɗaya ake biyansa, na gyaran iska kuwa yana iya dawowa bayan wasu shekaru. Wanda ya taɓa kwana a hanya saboda balan-balan ba a ganin laifinsa idan ya rantse ba zai sake ba.

Sai dai masu wannan shawara ba su cika faɗin abin da ake asara ba. Na farko shi ne daidaito a ƙarƙashin kaya. Sifirin ƙarfinsa ɗaya ne, idan an zaɓi mai taushi bayan motar zai zauna da zarar an yi lodi, fitilu su koma haska sama suna kashe wa masu tahowa ido, sitiyari ya yi sakwaf. Idan kuma an zaɓi mai tauri, motar da aka saya domin laushinta ta koma tana jijjiga mutane kamar akori-kura. Na biyu shi ne tsayi, domin motar da ta saba ɗaga kanta a mugun wuri yanzu ta tsaya a mataki guda. A Range Rover na 2002 zuwa sama da Discovery 3 akwai ma wata dabara ta haɗa jakar dama da ta hagu idan an shiga jeji, yadda in taya ɗaya ta hau tudu iskarta za ta tura ɗayar ƙasa ta kama turɓaya. Da an sa sifirin wannan ya tafi. Na uku, a motocin zamani kwamfutar tsayi tana musayar bayani da sauran kwamfutocin motar. Idan aka cire jakunkuna ba a daidaita kwamfutar ba, fitilun gargaɗi za su cika gaban direba, wasu tsare-tsaren tafiya a yashi da laka su ƙi aiki. Maganin da wasu ke yi, watau cire ƙwan fitilar ko liƙe ta da baƙin salatif, ya fi cutar muni, domin ranar da matsala ta gaske ta taso direba ba zai sani ba.

Saboda haka abin dubawa shi ne wace mota ce, kuma wane aiki take yi. Inda masana'anta da kanta ta ƙera irin wannan mota a kan sifirin, canjin komawa ne ga abin da injiniyoyi suka riga suka gwada. GX470 da Prado 120 ginshiƙinsu ɗaya ne, kuma yawancin Prado sifirin ne a bayansu, don haka canjin GX470 ba shi da wahala, ba shi da haɗari mai yawa. Haka Discovery 2 ta 1998 zuwa 2004, wadda wasunta suka fito da iska a baya wasu kuma da sifirin. Tsohuwar P38 da darajarta a kasuwa ta riga ta faɗi, wadda kuma gona da jeji ne aikinta, ita ma babu laifi a canza mata. Amma Range Rover ko Mercedes GL ko Cayenne da ke zirga-zirga tsakanin Ikko da Abuja, inda ake samun masu na'ura da kayan gyara, ko motar da ke jan tirela, ko wadda lodinta ke canzawa kullum, gyara ya fi mata. Idan kuma an yanke shawarar canji, to a sayi cikakken saitin da aka ƙera domin wannan samfurin, tare da shakazobarsa da abin da zai daidaita kwamfuta. Akwai kamfanonin da suka shahara a wannan fage, kamar Arnott na Amurka, wanda ke yin sababbin jakunkuna da kuma saitin canji. Abin da ba ya karɓuwa shi ne a ɗauko sifirin wata mota dabam a yanke shi da wuta, a yi walda a cusa.

Hanya mafi muni duka, kuma ita aka fi bi, ita ce ta tsakiya, watau a je kasuwa a sayo jakar Beljiyam a ɗaura a kusurwar da ta fashe. Kayan Beljiyam suna da amfaninsu, ƙofa ko gilashi ko ma giya sukan yi ƙarko. Roba kuwa shekarunta take ci ko tana aiki ko tana ajiye. Jakar da aka kwance daga motar da ta shekara 15, ta kuma yi watanni a kwantena da rumfar kasuwa, sa'ar wadda ta fashe ce. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai motar zai biya kuɗin jaka da na aiki sau biyu ko uku cikin shekara, kwamfaresarsa ta ƙone a tsakani, daga ƙarshe ya yanke cewa tsarin iska ne ba shi da kyau, alhali bai taɓa gwada sabuwar jaka ba. Ƙa'ida ita ce a canza jakunkuna biyu-biyu, dama da hagu tare, domin tare suka tsufa, a kuma sake daidaita tsayin motar da na'ura bayan an gama.

Ko shakka babu tsadar canji ta sa wannan magana ta yi nauyi. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi a watan Yunin 2023, Dalar Amurka ɗaya tana kusan Naira 460 a farashin hukuma, amma a watan Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Duk waɗannan kaya, jaka da kwamfaresa da saitin sifirin mai inganci, daga waje ake shigo da su. Wannan dalili ne na ƙara kula, domin yanzu tazarar da ke tsakanin kuɗin zoben roba da kuɗin kwamfaresa sabuwa ta zama babba. Ɗan kasuwa mai lissafi zai nemi a rubuta masa farashi biyu a takarda, na cikakken gyara da sababbin kaya da na cikakken canji, ya raba kowanne da yawan shekarun da yake sa ran zai riƙe motar, ya ƙara da abin da zai yi asara duk ranar da ta kwana a gareji, sa'an nan ya tambayi dillalai nawa za ta yi a kasuwa a kowane hali. Wani mai saye yakan fi son wadda aka canza wa ƙafa, wani kuma da ya leƙa ya ga sifirin a ƙarƙashin Range Rover zai rage farashi. Kamfanin da ke da motoci da yawa ya kamata ya sa awon tsayi na dare ɗaya cikin jadawalin sabis, ya kuma hori direbobi su kawo rahoto ranar farko da suka ga mota ta karkata, ko suka ji kwamfaresa tana yawan kuka.

Akwai kuma batun amana. Wanda ya canza wa motarsa ƙafafu ya faɗa wa mai saye, ya kuma sanar da kamfanin inshorarsa, domin babban canji ne, kuma ɓoye shi na iya jawo jayayya ranar biyan diyya. Dillalin da ya hura wa mota iska da asuba kafin mai saye ya iso, ya san algus yake yi. Mai saye shi ma ya nemi a bar masa motar ta kwana a gabansa kafin ya biya, domin dare ɗaya ya isa ya tona asirin jakar da ke yoyo.

A ƙarƙashin duk wannan akwai giɓin da ya zama dama ga masu jari. Motocin sun riga sun shigo, wasu na kan hanya, amma kanikawan da suka san wannan tsari kaɗan ne, shi ya sa suke gudunsa. Garejin da zai mallaki na'urar bincike ta gaskiya, ya ajiye sababbin jakunkuna da robobin gyaran kwamfaresa, ya kuma ba da garanti a rubuce, ba zai rasa ciniki ba a Abuja ko Kano ko Fatakwal. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, da ƙungiyar kanikawa ta NATA, ya kamata su sa wannan fanni cikin horon da suke bayarwa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON kuma ta sa ido kan jabun jakunkuna da sifirin, domin abu ne da rayukan mutane ke kansa. Abin kunya ne a ce ƙasar da ke noman roba a jihohin Edo da Delta da Ondo, mai cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Binin, ta bari masana'antar tayoyi ta Michelin ta rufe a 2007, ta Dunlop ta bi ta a 2008, har zoben roba sai an yi oda. Masu masana'antun kayan gyaran mota na Nnewi za su iya farawa da waɗannan ƙananan kaya.

Kafin hakan ta samu, nauyin yana kan mai mota. Ranar da ya fito da safe ya ga jif ɗinsa ta karkata, ranar ce ta zuwa gareji, tun kuɗin gyaran bai wuce na jaka biyu ba. Idan bakanike ya ce a cire balan-balan, a tambaye shi wace kusurwa ce ke yoyo, kuma da me ya gane. Wanda ya iya amsawa a saurari shawararsa, ko da ta canji ce. Wanda kuwa ya kasa, a nemi wani, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.